Mai Fuska Biyu

A shagon Baba, bayan otal, Unguwar Rimi,
inda ƙwarya da tagulla ke kwana kan kanta ɗaya,
akwai wani kai na itace da ba ma ratayewa.
Fuska biyu gare shi, ƙeya babu.
Kumatu a kumbure kamar mai riƙe da magana,
haƙora waje, ido rami,
jiki ya yi ɓawo kamar gindin tukunyar gidan biki.

Baba Tanimu ya shigo da shi shekarar da aka yaye ni,
cikin buhun goro, ta Ikom,
ya ce daga duwatsun Bangwa, can Kamaru,
inda ruwan sama ba ya gajiya.
Nawa ka saya? Sai ya ɓantari goro.
Wa ya sayar? Sai ya tofar.

Na gaji shagon har da dabarunsa.
Na san yadda sabon sassaƙa ke tsufa a wata uku:
hayaƙin murhu, manja, kwana arba'in a gidan gara.
Kakanni nawa na sayar
waɗanda aka haifa bara a Kakuri!
Wannan kuwa ban taɓa masa komai ba.
Tsufansa nasa ne.

Sai ga waya daga Baljiyam.
Ɗauko hoto, in ji dillali, nan da can,
ɗora ma'auni, haska ciki.
Kada ka wanke, kada ka goge,
dauɗar ita ce kuɗin.
Ya faɗi farashi, na zauna kan benci.
Na ga kwano a kan ginina na Rigasa
da ya sha damina huɗu tsirara.

Ran Laraba hadari ya koro mini wani dattijo,
Atemnkeng, mai gyaran keken ɗinki a Barnawa.
Fakewa kawai ya zo yi.
Yana kakkaɓe riga idonsa ya faɗa lungu.
Ya cire hula. Ya juya baya.
Ya yi magana da bango, da Hausarsa ta kasuwa:

Wannan rana ba ta ganinsa.
Na mutanen dare ne, masu tsaron sirrin fada,
waɗanda ke fara sanin sarki ya tafi
kafin matansa su sani.
Ko su ba sa ɗora shi a ka,
a kafaɗa ake ɗauka, ya fi ƙarfin kai.
Shekara sittin gare ni,
a garinmu ban isa in kalle shi ba,
sai yau, a Kaduna, kusa da takalmin fata.

Na ce, Baba, ni Musulmi ne, itace itace ne.
Ya ce, ni ma coci nake zuwa.
Amma bai juyo ba
har ruwa ya ɗauke, ya fita a karkace kamar kaguwa.

Da dare na zo naɗewa, aka ɗauke wuta.
Da fitilar waya a baki na yi aikin:
tsohuwar jarida, auduga, kwalin firji.
Kafin in rufe na shinshina.
Hayaƙi ne, amma ba na murhunmu ba.

Takardar kamfanin jigila tana da layuka.
Sunan kaya, na rubuta: adon bango.
Nauyi: kilo shida.
Inda aka ce mai shi na asali
biro ya tsaya, ya yi ɗigo.

Mota na jira a bakin titi, layin duk taɓo.
Na ɗaga kwalin, hannu bai kewaye ba,
na kai shi ka, wuya ya ƙi.
Sai da na wuce mai shayi
na lura a ina na ɗora shi.

Ina tafe, yana kafaɗata,
fuska ɗaya na kallon mota,
ɗaya na kallon ƙofar da na baro a buɗe.
Direba ya leƙo: Sallau, mai fashewa ne?
Na ce ban sani ba.
Ka dai bi a hankali wajen gada.